Maikroskof ɗin da na saya wa 'yata a Sabon Gari, wata uku muna amfani da shi

Assalamu alaikum. Tun ranar da na ɗora hoton gansakukar da na ɗauka ta cikin maikroskof, wato madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa, a status ɗina na WhatsApp mutane suka dame ni da tambaya, wai wace na'ura ce, a ina na saya, nawa, kuma abin kirki ne ko irin tarkacen wasan yaran nan ne da ake kwana biyu ya ɓalle. Amsa ɗaya bayan ɗaya ta gagare ni, ga kasuwa ga gida, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai sau ɗaya kowa ya karanta. Wata uku kenan yana gidana, tun ƙarshen damina, yanzu ga mu a tsakiyar hunturu, don haka duk abin da zan faɗa na gwada shi da hannuna. Kuma babu wanda ya biya ni, da kuɗina na saya.

Ni ɗan Kwari ne, shadda da atamfa nake sayarwa, ban taɓa kawowa a raina zan shiga kasuwa neman madubin likita ba. Wadda ta kai ni 'yata ce ta biyu, Ummi muke ce mata don sunan mahaifiyata gare ta, tana JS2. Wata rana bayan isha muna cin tuwo sai ta ce, "Abba, malaminmu ya ce bishiyoyi ne suke ba mu iskar oksijin da muke shaƙa. To mutanen Agadez ɗin nan da suke zuwa sari shagonka, ba kai ka ce in sun fita gari sai a wuni ana tafiya ba a ga bishiya ko ɗaya ba? Su da me suke numfashi?" Wallahi sai da na ajiye lomar da ke hannuna. Ta ƙara da cewa ko nan Kano ma ai da rani bishiyoyi da yawa kakkaɓe ganye suke yi, amma ita ba ta taɓa jin numfashinta ya ragu ba.

Washegari na kira kawunta, ƙanin mamanta, shi bayoloji ya karanta a BUK yana koyarwa a wata sakandare. Ya yi dariya ta jin daɗi ya ce, "Yaya, amsar tana cikin teku, amma kafin a je teku ai akwai kududdufi a bayan layinku. Ka saya mata maikroskof ko ƙarami ne, ran Asabar in na zo zan nuna mata da idonta."

Shagon yana cikin kasuwar Sabon Gari, ɓangaren masu littattafai da kayan gwaje-gwaje na makarantu. Ba zan faɗi sunansa ba saboda akwai wuraren da zan yi ƙorafi, ni ma ɗan kasuwa ne na san zafin a ɓata wa mutum suna. Kala uku ya fito mini da su. Akwai ɗan ja na roba zalla mai sauƙin kuɗi, an rubuta 1200X ɓaro-ɓaro a kwalinsa, wai sau 1200 yake ƙara girman abu, kuma shi ya fara tura mini yana cewa ai na yara ne Alhaji, wannan ya isa. Akwai na tsakiya mai jikin ƙarfe, da idanu uku a ƙasa da ake juyawa, sai babban wanda ya haura dubu ɗari biyu, na makarantu. Na ce Malam, ni ba na sayen yadi ban warware ba, kunna mini su in gani. Gaskiya a nan ya burge ni, bai ɓata rai ba, ya sa batir a duka biyun ƙananan, ni kuma na zaro zare ɗaya daga bakin aljihun rigata na ɗora. A na robar nan dishi-dishi kawai na gani da wasu launuka a gefe kamar bakan gizo. A na ƙarfen kuwa, kai, sai ga zaren ya zama kamar igiyar guga, kana ganin yadda aka murɗa silin audugar ɗaya bayan ɗaya, shekara ashirin ina taɓa shadda ban taɓa ganin cikinta haka ba. Da ya ga na gane bambancin sai ya sauko ya ce gaskiya Alhaji na robar gilashinsa ma roba ne. Ya sa N65,000, muka yi ta ja har muka tsaya a N52,000.

Daga baya da nake ba kawun labarin zaren sai ya ce ai sana'arku ce ta buɗe wannan ilimin. Wai mutumin da ya fara ganin ƙananan halittun cikin ruwa ɗan kasuwar yadi ne, Antonie van Leeuwenhoek, a garin Delft na ƙasar Holan, daga duba yadi da gilashi har ya koyi goge gilasansa da kansa, a shekarar 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki ya leƙa ya ga koren zare mai murɗiya da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa suna iyo. Gilashinsa mafi ƙarfi da ya rage a duniya wajen sau 270 yake ƙara girma. Nawa yana kaiwa 400. Wannan magana ta zauna mini sosai.

Abin da ke cikin kwalin: na'urar kanta, gilasan ɗora abu guda goma, wasu biyar da aka riga aka shirya da ƙafar ƙwaro da ganye da sauransu, siraran gilasan rufi, hantsaki, robar ɗiga ruwa, da wani maƙalin waya na ɗaukar hoto. Fitila biyu gare shi, sama da ƙasa, yana aiki da batir uku ko a jona shi a wuta. Maganar batir ɗin nan babba ce a wurinmu, ko babu wuta yarinya tana aikinta, kuma batir ɗin yana jimawa. Daren farko bawon albasa muka sa, siririn nan na ciki, Ummi ta ga ɗakuna a jere kamar bulo ta yi ta kiran ƙannenta.

Ran Asabar kawu ya zo muka nufi kududdufi. Duk ɗan cikin gari ya san su, ramukan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, ruwa ya taru ya zauna, yanzu da yawa an cike an yi gini a kai. Namu yana nan, ga kainuwa a gefe, ga gansakuka ta yi kore shar a saman ruwan, ga leda da shara kuma abin takaici. Dan Allah a nan ina jan kunne, kar a bar yaro ya shiga ruwan ko ya sa hannu, tsargiya a irin wannan ruwan ake ɗaukarta. Mu ludayi muka ɗaure a jikin sanda muka ɗebo daga bakin gaɓa muka juye a kwalba mai murfi, da muka dawo kowa ya wanke hannu da sabulu.

Kawu ya ɗauki ɗan sili ɗaya na gansakukar da hantsaki, ya ɗiga ruwa, ya rufe da siririn gilashi, ya saita a 100 ya ce Ummi zo. Shiru ta yi ta kusa minti ɗaya ido a manne. Da na karɓa na gane dalili. Abin nan da muke ƙyama, mai santsi da ke kayar da mutum a bakin rijiya, ashe zare ne mai ɗaki-ɗaki garai-garai kamar gilashi, kuma cikin kowane ɗaki akwai koren kirtani a nannaɗe kamar sufirin, tsaf-tsaf kamar aikin mai ɗinkin hula wanda ya ƙware. Sunanta Spirogyra in ji kawu. A gefenta ga wasu abubuwa suna wucewa da gudu, ga wani mai siffar tafin takalmi yana juyi, ga kuma wasu masu ruwan zuma, siffar ƙwayar shinkafa, suna tafiya a hankali kamar kwalekwale. Waɗannan na ƙarshen ya ce a riƙe sunansu, dayatom, gidansu na gilashi ne na gaske, daga sinadarin da ke cikin yashi suke gina shi. Mamansu da ta ce ita ba ta son ganin ƙazanta sai da ta bar girki ta zo, ta leƙa ta ce Subhanallah ta fi sau biyar.

Sai ya sa muka zuba ragowar gansakukar a farar kwalba muka cika da ruwa muka ajiye a tsakar gida inda rana take. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga ƙananan kumfa sun fito a jikin zaren kamar an yayyafa duwatsun ado, suna taruwa suna tashi sama, kafin azahar gansakukar duk ta taso saman kwalbar saboda kumfan da ya maƙale a cikinta. Ya ce a kifa bokiti a kai. Muka kifa, bayan wani lokaci muka girgiza kwalbar kumfan ya fita muka mayar cikin duhu, da muka buɗe babu sabo. Aka mayar rana, ya dawo. Ya ce Ummi wannan kumfan shi ne oksijin ɗin da kike tambaya, kuma wannan gwajin na rana da inuwa wani likita ɗan Holan, Jan Ingenhousz, ya yi irinsa da ganyaye a cikin ruwa tun 1779. Koren abin da ke cikin tsiro yana kama hasken rana ya fasa ruwa da shi, ya ɗauki rabin da yake so ya haɗa da iskar kabon da muke fitarwa ya yi abincinsa, oksijin ɗin kuma ya sake shi. Ni da na ɗauka iskar da muka fitar ce tsiro yake wankewa ya dawo mana da ita, ashe oksijin ɗin daga jikin ruwan yake fitowa, kuma an tabbatar da haka a 1941 a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu, su ma da wata 'yar ƙaramar gansakuka suka yi gwajin.

To daga nan ya shiga maganar teku, kuma nan ne kaina ya ɗau zafi. Ya ce ku ɗauki abin da kuka gani a ɗigon ruwa ɗaya, ku tuna teku ta rufe kusan kashi 71 cikin 100 na bayan ƙasa. Hasken rana yana ratsa samanta har wajen mita 200, kuma duk wannan saman cike yake da dangin abubuwan da muka gani, suna yawo inda ruwa ya kai su, ba saiwa ba reshe ba ganye, sunansu faitoplankton. Masana, har da hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka wato NOAA, sun ce kusan rabin oksijin ɗin da ake samarwa a duniya daga teku yake fitowa, kuma mafi yawansa aikin waɗannan ne da ido ba ya gani. Dayatom kaɗai, 'yan kwalekwalen nan masu ruwan zuma, ana ƙiyasta suna yin kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk wannan aiki a duniya. Mu nan Kano tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita 1000 ce, da yawanmu har mu koma ga Allah ba za mu ganta ba, ni kaina sau biyu na taɓa ganinta, a Legas da kuma ta tagar jirgi za mu sauka Jidda, kuma ban taɓa kallonta a matsayin gona ba sai ranar.

Ya ba mu labarin wata ƙwaya mai suna Prochlorococcus. Ita ce mafi ƙanƙanta a duk halittun da aka sani suna wannan aikin na hasken rana, kuma ita ce mafi yawa, in ka jera kusan 100 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. A cikin mililita ɗaya na ruwan teku mai ɗumi ana iya samun 100,000. Saboda ƙanƙantarta duk binciken teku da aka yi shekara da shekaru ba a lura da ita ba sai a 1986, wata farfesa a jami'ar MIT ta Amurka, Sallie Chisholm, ita da abokan aikinta suka gano ta, aka buga a 1988. Ka ji fa, lokacin ni ina firamare, ana ta shaƙar iska ba a san da ita ba.

Nan take Ummi ta ce to Abba ai namu an rubuta 1000X a kwali, za mu ganta. Wannan ya kawo ni babban ƙorafina. Eh an rubuta 1000X, kuma akwai wani ido na biyu a cikin kwalin da in ka sa shi a sama lissafin yana ba da 1000 ɗin. Amma wallahi babu abin da yake ƙarawa, hoton ne kawai yake kumbura ya yi duhu ya dushe, kamar ka ja hoton waya da yatsa har ya farfashe. Abin da na'urar take iyawa na gaskiya shi ne 40 da 100 da 400. A 40 da 100 tar take kamar madubi. A 400 tana gani amma sai da haƙuri, saboda abin murɗawa na saiti guda ɗaya ne, babu ƙaramin nan na lallaɓawa da manyan suke da shi, ka ɗan taɓa kaɗan abu ya ɓace, kuma gilashin da yatsa ake tura shi, to a 400 ɗan motsi kaɗan sai ka ga abin ya fice daga ido gaba ɗaya. Ni da hannuna ya saba da awo na fi sati kafin na iya, yaro ɗan firamare kam 400 za ta ba shi haushi. Mai shagon da ya faɗa mini gaskiyar na roba, wannan bai faɗa mini ba, har cewa ya yi da dubun nan har ƙwayar cutar maleriya sai na gani. Ban ji daɗin wannan ba, da ya ce 400 ne ma da zan saya. Kawu ya ce ita Prochlorococcus ko a babban maikroskof na jami'a ɗigo kawai za ka gani, da wata na'ura mai hasken leza aka gano ta. Don haka kar wanda ya saya da wannan burin.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma gara ku sani. Takardar bayani Turanci ce da Sinanci, rubutun kamar ƙafar tururuwa, babu kawu da mun sha wuya. Maƙalin wayar nan ba shi da ƙarfi, waya mai nauyi sai ya sunkuya, hoton da kuka gani da hannu na riƙe na ɗauka bayan gwaji ya fi ashirin. Siraran gilasan rufi kaɗan ne kuma suna fashewa da wuri, suna yanka, a sa ido in akwai ƙananan yara. Sannan cajarsa ta mutu a sati na uku. Na koma shagon, yaronsa ya ce ai kayan wuta ba garanti, na ce kira mini maigidanka. Da ya zo ya gane ni, ya ce Alhaji yi haƙuri, ya ciro wata ya gwada a gabana ya ba ni bai karɓi ko sisi ba, har ya tambayi 'yar makaranta. Na sayi ƙarin gilasan rufi fakiti ɗaya a wajensa. A mu'amala dai ba ni da abin cewa.

Mu koma tambayar Agadez, don har lokacin ba a amsa ta ba, kuma Ummi ba ta mantuwa. Kawu ya ce abu biyu ne. Na farko iskar duniya ɗaya ce, tana gauraya tana zagayawa, oksijin kusan kashi 21 cikin 100 ne a Agadez, haka a Kano, haka a tsakiyar dajin Amazon, saura kusan duk naitrojin ce, kashi 78. Na biyun shi ne wanda ni ɗan kasuwa na fi saurin ganewa. Ya ce oksijin ɗin da teku take samarwa yau, kusan duka a cikin tekun ake cinye shi, kifaye su shaƙa, su kansu ƙwayoyin su shaƙa da dare, in sun mutu ruɓewarsu ta cinye saura. Daji ma haka, shi ya sa maganar da ake yaɗawa wai Amazon ce take ba duniya kashi 20 na iskar da muke shaƙa ba daidai ba ce, abin da ta samar kusan ita take cinyewa. Na ce to kenan kamar shagon da yake cinikin miliyan a rana amma miliyan ɗin take fita, mu da me muke rayuwa? Ya ce da asusu. Kullum akwai ɗan kaɗan daga matattun ƙwayoyin nan da yake nutsewa ƙasan teku laka ta binne shi kafin ya ruɓe, to oksijin ɗin da ya kamata ruɓewarsa ta ci sai ya yi saura a sama. Kwabo-kwabo kenan ake jefawa. Masana sun ce tun wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce wannan tari ya fara bayyana a iska, aikin wasu ƙwayoyi da ake kira sayanobakteriya, dangin Prochlorococcus ɗin nan, kafin nan iskar duniya kusan babu oksijin a cikinta. Wanda aka binne ɗin kuwa wani ɓangarensa shi ne ya zama ɗanyen man fetur. Don haka Buzun da ke tsakiyar hamadar Tenere da ni da ke Kwari duk daga tsohon jari ɗaya muke ci, wanda Allah ya sa waɗannan 'yan ƙananan bayin nasa suka tara tun babu ɗan Adam. Na jima ina juya wannan a raina a sallar asuba.

Kuma kar wani ya karanta wannan ya ce to a ci gaba da sare bishiya tunda akwai teku. Ɗaya rabin aikin na tsirran tudu ne, kuma mu da hamada take matsowa, inuwa da riƙe ƙasa da sanyin gari kaɗai sun isa dalili. Duk wanda ya san titunan Nasarawa masu bishiyoyi ya kuma san sabbin unguwannin da babu ko darbejiya ɗaya ya san bambancin a watan Afrilu.

Da hazo ya sauko a watan jiya muka sake samun abin dubawa. Kawu ya turo saƙo ya ce ku shafo ƙurar kan gilashin mota ku duba. Dalilinsa shi ne yawancin ƙurar hunturun nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, wanda a da can ƙasan wani makeken tafki ne, tafkin Chadi na yanzu ɗan ragowarsa ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa wadda yawancinta gidajen gilashin dayatom ne da suka mutu suka taru, iska ta bi ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe ta. Wato farin da yake kwanciya mana a gira da kan kaya a shago har da gawar masu yin oksijin a ciki. Kuma ƙurar Sahara ba a nan take tsayawa ba, tana haye tekun Atilantika, wadda ta zuba a ruwa ta kai wa faitoplankton sinadarin ƙarfe da suke buƙata, wadda ta ƙarasa ta zama taki a dajin Amazon. Mun shafo mun duba a 400, mun ga ɓarɓashi masu ƙyalli kamar fasasshen gilashi da 'yan zaruruwa, amma na'urar ba ta da kaifin da za ta fito da zanen jikinsu yadda ta fito da na masu rai na kududdufi. A nan na ji rashin ƙaramin abin saitin nan sosai. Wani kwastomana ɗan Chadi da na ba shi labarin ya ce ai su a yankin Kanem mata suna kwasar wani koren abu a saman tafkuna su shanya a yashi ya zama kamar waina, dihe suke ce masa, a miya ake sawa. Na tambayi kawu ya ce spirulina kenan, ita ma sayanobakteriya ce.

Wani amfanin da ban zata ba, maƙocina yana kiwon karfasa a bayan gidansa, ruwan ya yi kore sosai, yana ta mamakin me ya sa da asuba kifin suke tasowa sama suna buɗe baki amma da rana lafiya lau. Ummi ce ta ɗebo ruwan ta duba, cike yake maƙil da koren ƙwayoyi, ta ce masa Baba da rana suna ba kifin iska, da dare kuma babu rana su ma shaƙa suke yi, kafin gari ya waye sun cinye. Ya rage abincin da yake zubawa ya riƙa sauya ruwa, abin ya yi sauƙi. Kawu ya ce irin haka yana faruwa a teku babba, inda kogin Misisipi yake kwaso takin zamani daga gonakin Amurka ya zuba a teku, ƙwayoyin su yi yawa fiye da ƙima su mutu su ruɓe, duk bazara sai an samu yanki mai faɗi a ƙasan ruwan da kifi ba ya iya zama. Kuma ruwa in ya ɗumama ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, bincike ya nuna tekunan duniya sun rasa kusan kashi 2 cikin 100 na oksijin ɗin da ke narke a cikinsu daga 1960 zuwa 2010. Mu a tudu asusunmu yana da yawa ba za mu ji a ƙirji ba, kifi ne yake ji. Tun daga ranar in na ga ana juye shara da ruwan kwata a kududdufinmu raina yana ɓaci fiye da da.

To a saya ko kar a saya? Ni dai na ce a saya, in yaron ya kai aji shida na firamare zuwa sama kuma akwai babba da zai zauna da shi satin farko. A nemi mai jikin ƙarfe da idanun gilashi, mai fitila a ƙasa da batir, kar a kalli lambar da ke kan kwali, a tafi da zare ko silin gashi a ce a kunna a gwada a 100 kafin a biya. In da hali a ƙara kuɗi a ɗauki mai abin saiti biyu, babba da ƙarami, da na sani da shi zan ɗauka. A sayi ƙarin gilasan rufi tun a ranar. A ajiye shi cikin kwalinsa ko a rufe da leda, ƙurar Kano ba ta barin gilashi, kuma kar a goge idon da bakin riga, yana karcewa. N52,000 kuɗi ne a wannan zamanin na sani, makwabta biyu ko uku za su iya haɗawa, ko makarantun unguwa masu zaman kansu su ajiye ko guda biyu, don namu yanzu yaran layi ne suke layi a kansa duk Asabar, Ummi har ta buɗe littafi tana zana duk abin da ta gani da ranar da wurin da aka ɗebo ruwan, ta yi na randa, na rijiya, na kwatar ƙofar gida, da wanda wani ya kawo mata daga dam ɗin Tiga.

Shafi ɗaya ta bari fari ta rubuta teku a samansa. Yaron shagona zai tafi Legas ɗauko kaya ranar Litinin, na ba shi kwalba biyu masu murfi da kuɗin mota zuwa bakin ruwa, kawu ya ce ya ɗebo a ranar da zai taso, ya haɗo da ɗan koren da ke manne a jikin duwatsu, kar ya cika kwalbar har baki kuma kar ya bar ta cikin zafin bayan mota.